Tun da aka ba ni incaj suka ɗauke mini wuta

Assalamu alaikum Anti, dan Allah a ɓoye sunana. Ni ungozoma ce a wani asibitin gwamnati, wata biyar kenan da aka ba ni incaj ɗin ɗakin haihuwa. Cikin waɗanda suke ƙarƙashina akwai wata babbar sista da muke ce wa Mama, ita ta koya min karɓar haihuwa sanda na zo sabuwa, sai dai ni na je na ƙaro karatu ita ba ta je ba. Da na karɓa na tarar komai a sakwarkwace, masu aikin safe sai tara suke shigowa, ana musayar diyuti ba da sanin kowa ba. Sai na gyara rosta, na kawo littafin sa hannu, duk wadda ta makara in ɗauki hoton shafin in tura gurup ɗinmu na WhatsApp. Mama ta yi fashin nait biyu na ba ta kweri, wato takardar tuhuma. Tun daga ranar in na shigo ana hira sai a yi tsit, a mitin in na ce akwai mai magana kowa ya sunkuyar da kai. Abin da ya sa na rubuto, satin da ya wuce an manta ba a yi wa wata mai jijjiga allurar magnesium mai hana jijjiga ta ƙarfe biyun dare ba, ba a rubuta ba, wajen hanoba, wato miƙa aiki, da safe ba wadda ta faɗa min, sai da matar ta sake jijjiga likita ya zo ya duba fayil ya wanke ni tas a gaban marasa lafiya. Allah ya taimaka ta rayu ita da jaririnta. Ni dai na san hassada ce, so suke a cire ni, maigidana ma ya ce in tashi tsaye in nemi tsari. Ban zalunci kowa ba wallahi, aiki kawai nake so a yi. In kai ƙararsu sama ne ko in ajiye musu muƙaminsu?

Wa alaikis salam ƙanwata. Alhamdulillahi da baiwar Allahn nan ta tashi ita da ɗanta, Allah ya ƙara tsarewa.

Bari in fara ba ki gaskiyarki kafin in karɓe wata. Zuwa aiki ƙarfe tara a ɗakin haihuwa ba ƙaramin abu ba ne, wadda ta kwana tana karɓar haihuwa ita ce take zaune tana jira a zo a karɓe ta ga yaranta can gida ba a shirya su makaranta ba, dan haka duk wanda ya ce miki da kin ƙyale su kin zauna lafiya ba masoyinki ba ne. An ba ki wajen ne dan ki gyara. A nan ba ni da ja.

Toh amma zo mu koma daren nan, ki cire kayan incaj ki sa na yarinyar da take diyuti. A ce wajen ƙarfe huɗu ta ankara allurar ƙarfe biyu ta wuce, wataƙila haihuwa uku ce ta haɗe mata, wataƙila an ɗauke wuta tana ɗinki da fitilar waya, wataƙila kuma barci ne ya sace ta, Allah masani. Gari ya waye ga ki kin shigo. A ranta lissafi take yi, kuma lissafin ba shi da wuya: wadda ta makara minti ashirin ta ga hoton sunanta a gurup kowa ya gani har da ɗalibai, Mama da ta haife mu a wajen nan an miƙa mata kweri, to ni da na tsallake allurar mai jijjiga me za a yi da ni? Sai ta ja bakinta ta yi shiru tana addu'ar Allah ya sa matar kar ta sake. Abin da ta yi laifi ne babba, ɓoyewar ma ta fi mantuwar muni, kuma dole ta amsa. Sai dai ban ga hassada a ciki ba, tsoro na gani. Mai hassadar da take so a cire ki ba za ta sa lasisinta da ran majiyyaciya a caca ba dan kawai likita ya yi miki faɗa.

Akwai wata malama a jami'ar Harvard ta Amurka, Amy Edmondson, lokacin tana ɗalibar digirin digirgir ta shiga wani bincike kan kurakuran ba da magani a sassa takwas na asibitoci biyu. Ta shiga da tunanin sashen da ma'aikatansa suka fi jituwa da shugabarsu shi zai fi ƙarancin kuskure, da lissafi ya fito sai ta ga akasin haka, sassan da aka fi zaman lafiya su ne suka fi yawan kurakurai a rubuce. Abin ya ɗaure mata kai har aka tura wani ya je ya zauna a sassan yana kallon yadda ake mu'amala, sai ga bayani: inda shugabar take da zafi ake neman wanda za a ɗora wa laifi, ba wai ba a kuskure ba ne, binne shi ake yi, inda kuma ake iya magana ba fargaba nan ake faɗa a rubuta a gyara. A 1996 aka buga binciken. Kin ga ke wata biyar ba wadda ta kawo miki rahoton kuskure ko ɗaya, ƙila ma kina ganin gyaranki ne ya fara aiki, alhali ƙofar ce ta rufe.

Kuma shirun na ƙasa yana kashe mutum, ba zancen baki ba ne. A 2005 a Ingila wata mata mai suna Elaine Bromiley ta shiga ƙaramar tiyata ta hanci, lafiyarta ƙalau, da aka sa mata maganin barci sai aka kasa zura mata bututun numfashi. Ƙwararrun likitoci suka duƙufa suna ta gwadawa iskar jininta tana ta sauka, ma'aikatan jinya sun gane inda aka dosa har ɗaya ta ɗauko kayan huda maƙogwaro ta kawo, wata ta je ta nemo gado a sashen kulawa ta musamman, amma ba su iya tsayawa sun faɗa da ƙarfi an ji su ba, manyan ma ba su waiwaye su ba. Ƙwaƙwalwarta ta lalace, bayan kwanaki ta rasu. Mijinta Martin matuƙin jirgin sama ne, shi ya dage aka yi bincike, daga baya ya kafa ƙungiyar da take koya wa ma'aikatan lafiya wannan darasi. Can kenan inda babu nauyin baki irin namu, ina ga nan da aka raine mu a kan ba a ɗaga ido a kalli babba.

Yanzu ga wadda za ta yi miki ɗaci. Na karanta wasiƙarki sau da yawa ina neman inda kika ce kin tambayi Mama me ya hana ta zuwa nait biyu, ban gani ba. Ƙila kin tambaya ba ki rubuta ba, in haka ne ki yafe ni. In kuwa ba ki tambaya ba, matar da ta riƙe hannunki ta nuna miki yadda ake tare kan jariri kar uwa ta yage, sai kawai ta ga an miƙo mata takarda da sa hannunki? Haba ƙanwata. Ko da a ƙarshe sai an ba da kwerin, ai akwai kira gefe, akwai Mama lafiya kuwa ban gan ki ba jiya da shekaranjiya. Sauran ba kwerin ne ya firgita su ba, yadda aka ba da shi ne.

Sannan kin ce na san hassada ce. Ta yaya kika sani? Ban ce babu ba, mutum tara yake bai cika goma ba, kuma a ce ƙaramarki ta dawo ta zama ogarki abu ne mai nauyi ko ga waliyyi. Amma ki lura da daɗin da wannan fassarar take da shi: in hassada ce, ke ba abin da za ki canza, su ne marasa lafiya ke ce lafiyayyiya. Duk fassarar da ta wanke ki tas haka ba ta bar miki ko ɗigo ba, ki ɗan yi shakkarta. Hassadar da ke zuciyar wata ba ki da maganinta, yadda kike shigowa da safe kuwa a hannunki yake.

Likitan nan da ya wanke ki gaban marasa lafiya, ya kika ji? Na tabbata har yanzu in kin tuna sai ƙirjinki ya yi zafi, kuma na tabbata ba ki fita daga wajen kina cewa kai wannan likita ya taimake ni ba, fita kika yi kina tunanin yadda za ki kauce masa. To haka duk wadda kika tura hotonta gurup take ji, bambancin kawai nasa ya wuce da iska, naki yana nan a wayar mutum ashirin, mai so ya yi sikirinshot ya tura wa ƙawarta a wani asibitin.

Wasu masana halayyar ɗan Adam biyu a Amurka, Joseph Luft da Harrington Ingham, a 1955 suka raba sanin da mutum ya yi wa kansa gida huɗu: abin da ke da mutane duk kun sani game da ke, abin da kika sani kika ɓoye, abin da ba wanda ya sani, sai kuma abin da kowa yake gani a tare da ke amma ke ba kya gani. Wannan na ƙarshen shi yake kayar da shugabanni, kuma matsalarsa kullum aka ƙara miki girma sai ya ƙara faɗi, saboda masu iya faɗa miki sun ragu. Da kina ƙaramar sista in kin yi wani abu Mama za ta ce ke yarinyar nan fuskarki ba fara'a, yanzu wa zai faɗa? Ke a ranki kina shigowa ne da himma, su kuma abin da suke gani wata ce ta shigo ko sallamar kirki babu ta wuce kai tsaye wajen littafin sa hannu tana duba agogo. Ba ki yi ƙarya ba da kika ce ba ki nufi zalunci ba, amma niyyarki ke kaɗai kike ganinta, su fuskarki da muryarki da saƙonki na gurup suke gani. Shi ya sa aka ruwaito Sayyidina Umar, da duk kwarjininsa, yana yi wa wanda ya kawo masa aibobinsa addu'ar rahama, yana ɗaukar abin a matsayin kyauta.

Ta yaya za ki ji naki? Ba a mitin ba dai, wannan akwai mai magana ɗin da kike yi a ƙarshen mitin bayan kin yi minti arba'in kina faɗa ba tambaya ba ce, kowa ya san rufe taro ne. Kuma kar ki tare mutum ki ce wai ina da matsala ne, amsar da za ki samu a'a sista ba komai wallahi. Ki zaɓi mutum biyu ko uku ɗaya bayan ɗaya, wadda kika san ba ta tsoron kowa, da wadda ta fi kowa shiru, kar ki manta da atenda da masu shara dan su ne suke jin abin da ake faɗa in kin fita. Ki same su lokacin da aiki ya lafa, ki yi tambaya ƙarama mai iyaka: cikin abubuwan da na kawo wanne ne ya fi takura miki, ko wane abu ɗaya ne in na daina aikinki zai yi sauƙi. Sannan ki yi shiru. Nan ne jarabawar take, domin za a faɗi abin da kike ganin ba haka ba ne, bakinki zai yi ta ƙaiƙayi ki ce ai dalilin da ya sa na yi haka, kar ki ce, ki ce na gode zan duba. Kina fara kare kanki kin gama, ba za ta sake ba kuma za ta faɗa wa sauran kar su wahalar da kansu.

Mama kuwa gidanta za ki, ba ofis za ki kira ta ba. Ki je da yamma ranar da take of, ko lemo ne ki riƙa, ki gaishe ta yadda kike gaishe ta da can kafin muƙami. Ba cewa na yi ki je ki ce kin janye kweri ba in dai fashin ya tabbata ba uzuri, kuma ban ce ki durƙusa kina kuka ba. Ki ce Mama na zo ne a kan abin da ya faru, ya kamata in fara jin ta bakinki kafin takarda, ban yi ba, ki yi haƙuri, kuma wajen nan ba zan iya riƙe shi ba sai da ke. Ki saurari dalilinta, ƙila ki ji abin da zai sa ki ji kunya, ƙila kuma ki ji ba wani dalili sai fushi, ko wanne ne kin sani yanzu. Sai ki ba ta abin riƙewa na gaske ba na jeka-na-yi-ka ba, misali ɗaliban da ake turowa su zama a hannunta, ko duk haihuwa mai wuya a kira ta. Irin su Mama a kowane sashe akwai su, ba su da muƙami a takarda amma in suka ɗaure fuska kowa ya ɗaure, in suka saki kowa ya saki, kuma wanda ya ce zai yi mulki ta bayansu yana wahalar da kansa ne kawai. Babba juji ne ƙanwata, muƙamin nan da kika karɓa har da haɗiye irin wannan a cikinsa.

Ki tuna ayar nan ta 159 a suratu Ali Imrana, wadda ta zo cikin bayanin Uhudu, bayan maharba sun bar inda aka ajiye su an rasa sahabbai kusan 70 har da Sayyidina Hamza. Kuskuren na ƙasa ne ƙarara, amma abin da aka ce wa Annabi (SAW) shi ne da ya kasance mai kaushi mai ƙeƙasasshiyar zuciya da sun watse daga gare shi, ya yafe musu, ya nema musu gafara, ya yi shawara da su, sannan in ya ƙudura ya dogara ga Allah. Shawara da su, hukunci nasa. Dan haka kar ki ji kamar tambayarsu zai zubar miki da girma ko ya mayar da ke 'yar amshin shata.

Hoton gurup ki daina daga yau, kuma ki faɗa da bakinki a gabansu cewa kin daina, kar ki bari ya mutu shiru kamar ba a yi ba. Littafin sa hannu ya zauna, wadda ta makara ki kira ta ku biyu. Rosta ta wata mai zuwa ku zauna tare a tsara, ki faɗi abin da ba ya taɓuwa, kamar kada a bar nait ba babbar ungozoma, sauran ki bar su su daidaita. Musayar diyuti ma ba haramun ba ce in za a rubuta a littafi ki sani, mata ne masu yara da miji da biki da rasuwa, kuma hannu ya yi ƙaranci ko'ina, a farkon 2024 hukumar rajistar ma'aikatan jinya da ungozoma ta ƙasa ta ce kimanin 42,000 ne suka bar Najeriya cikin shekara uku. Waɗanda suka rage miki ɗin nan in suka gaji suka nemi canjin sashe ba lallai a turo miki wasu ba.

Maganar allurar kuma kar a share ta. Kin san yadda ake zaman bitar mutuwar masu haihuwa, ƙa'idarsa ba a kiran suna ba a nuna yatsa, abin da ake nema ina aka samu giɓi, to ki yi irinsa duk da Allah ya sa ba a rasa rai ba. Mutum nawa ne a diyuti daren, haihuwa nawa aka karɓa, a ina aka rubuta lokacin allura ta gaba, wa ya kamata ya tuna? Tunda duk awa huɗu ake yinta, ku sa allo a bango da lambar gado da lokacin kowace allura, a saita ƙararrawar waya, hanoba kuma a daina yinta a tebur, a bi gado gado da fayil a hannu. Ita yarinyar ki gan ta ke da ita, ki raba mata abu biyu: mantuwa za mu gyara tare, ɓoyewa ce ba zan ɗauka ba. Sannan ki yi musu alkawari a fili, duk wadda ta zo ta faɗa min kuskurenta da kanta kafin a gano, ni zan tsaya mata gaban likita da gaban metiron, shugabar ma'aikatan jinya. In kin faɗa sai kin cika fa, ko da ranar ke za a zaga.

Kai ƙara sama a yanzu ban ba ki shawara ba, me za ki ce, ba sa hira da ni? Abin da za ki kai sama shi ne rahoton abin da ya faru da matar nan da matakin da kika ɗauka, ki kai da ƙafarki kafin a ji a bakin wani. Ajiye muƙami ma a'a, wata biyar ba a gane mai iyawa. Ki ba abin wata uku kina yin waɗannan, kar ki sa ran sati ɗaya za a dawo ana tafawa da ke, da farko ma za su ɗauka wani salon ne. In bayan nan akwai wadda kika tabbatar da hujja tana ɓata aiki da gangan, ki rubuta rana da abin da ya faru, ki bi ƙa'idar aiki a kanta ita kaɗai ba duka sashen ba, lokacin ba wanda zai ce kin yi zalunci.

Shi kuma likitan, ki same shi shi kaɗai ki ce abin da ya faɗa gaskiya ne amma nan gaba ya kira ki gefe.

Maganar maigida ta neman tsari, ki riƙe azkar ɗinki na safe da yamma, ki yi sadaka, ya wadatar. Kar ki kai kuɗinki wajen wanda zai buga ƙasa ya ce miki wata doguwa ce baƙa a wajen aikinku, domin akwai doguwa baƙa a kowane ɗakin haihuwa, kuma daga ranar ba za ki sake iya cin abincin da aka miƙo miki a wajen ba. In kin je gidan Mama ki rubuto min yadda kuka yi.